Magani Bai San Mace Ba, In Ji Wa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata magana ce da aka yaɓa mini a bainar jama'a ranar da ƙungiyarmu ta yi muhawara a kan lafiyar mata, ban kuwa sami damar mayar da martani ba domin alƙalin muhawara ya riga ya kaɗa ƙararrawa. Wani ɗan'uwanmu daga sashen koyon aikin likita ya miƙe, ya gyara farar rigarsa, ya ce wai shi magani bai san mace ba bai san namiji ba, ƙwaya ƙwaya ce, duk cikin da ta faɗa aikinta ɗaya. Da na ɗaga hannu sai ya ƙara da cewa, "Malama, ke da kike karatun Hausa ina ruwanki da sha'anin magani? Ki tsaya ga karin magana da kacici-kacici." Aka yi dariya har da tafi. To, an yi dariya an gama, yanzu sai a saurara.

Karatun Hausar nan da ya raina shi ya fara sa ni tunani a kan lamarin. Bahaushe ba shi da ikon ya umarci mutum da shan magani sai ya tantance da wa yake magana: ko dai ya ce "ka sha", ko ya ce "ki sha". Bature kuwa kalma ɗaya gare shi ta wanda ake yi wa magana, mace ne ko namiji. Ba ina cewa nahawun Ingilishi ne ya ɓata aikin likita ba, kada wani ya tafi da wannan. Amma duk sa'ad da na buɗe 'yar takardar nan da ke cikin kwalin magani na ga an rubuta abin da "babban mutum" zai sha, sai in tambayi kaina, wane babban mutum? Ka ne ko ki?

Zan tsaya a kan ciwo guda, watau ciwon damuwa. Ba ɓacin rai na yini ɗaya nake nufi ba, irin wanda ke samun ɗalibi in ya faɗi jarrabawa. Ina nufin ciwon da zai danne mutum mako biyu ko fiye, wani lokaci watanni, ya raba shi da jin daɗin komai, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, jiki ya mutu, mutum ya dinga ganin kansa ba shi da amfani, har wani ya fara tunanin gara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, kuma in an sami maza biyu masu ciwon za a sami mata uku. Ashe ke nan yawancin masu haɗiyar ƙwayar mata ne. Sai mu duba a jikin wa aka auna ta.

Maganin farko na wannan ciwo da ya yi suna shi ne imifiramin, wanda wani likitan Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da labarin amfaninsa a 1957. Daidai wannan lokaci wani kamfanin Jamus ya fito da talidomaid, aka yi ta bai wa masu ciki domin barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa. Tsoro ya kama hukumomi, kuma tsoron yana da dalili. Sai dai a 1977 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa kada a sa macen da za ta iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin sabon magani. A lura, ba mai ciki kaɗai aka ce ba, duk wadda za ta iya ɗauka, ko budurwa ce, ko mijinta ya rasu. Matakan farkon nan kuwa su ne inda ake auna yadda jiki ke karɓar magani, da tsawon lokacin da yake yi a jini, da yawan da ya kamata a sha. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago: an hana a gwada maganin a jikin mata ɗari a gaban likita, sa'an nan aka sake shi kasuwa mata miliyoyi suka sha ba mai lura. Ba a soke ƙa'idar ba sai 1993, shekarar da majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta sa mata cikin binciken da gwamnati ke biya. A tsakanin nan ne Prozac ya fito a 1987, satiralin ya biyo baya a 1991. Amitiriftilin da ya cika kemis-kemis ɗinmu ya girme su duka, tun 1961 yake kasuwa.

Kada ma a ce a kan mutane abin ya tsaya. Hatta ɓerayen da ake fara gwaji a kansu, maza ake zaɓa, wai matan ɓera jikinsu yana sauyawa da zagayowar lokacinsu, suna rikita lissafi. Wani nazari da Annaliese Beery da Irving Zucker suka buga a 2011 ya nuna cewa a fannin binciken ƙwaƙwalwa, duk nazari ɗaya da aka yi da matan dabbobi zalla akwai fiye da biyar da aka yi da maza zalla. Don Allah a dubi wannan hujja da kyau. An ce jikin mace yana sauyawa, saboda haka a bar shi waje. Sa'an nan a juyo a ce sakamakon da aka samu a jikin namiji ya wadatar da mace, domin jiki duk ɗaya ne! In ɗaya ne, me ya sa aka cire ta? In ba ɗaya ba ne, me ya sa ake ba ta awon namiji? Sai a 2016 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Amurka ta fara tilasta wa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi har a cikin dabbobi.

Ɗan'uwanmu ya ce duk cikin da ƙwaya ta faɗa aikinta ɗaya. Bari mu bi ƙwayar daga baki. A bisa galibi tumbin mace ya fi jinkirin tura abin da ke cikinsa zuwa hanji. Nauyinta bai kai na namiji ba, amma rabon kitse a jikinta ya fi nasa, magungunan damuwa kuwa masu son kitse ne, suna laɓewa a ciki su daɗe. Daga nan sai hanta, inda wasu sinadarai ke farfasa magani domin jiki ya fitar da shi. Wani daga cikinsu ya fi kuzari a jikin mace, wani kuma ya fi a jikin namiji. Ƙwayar tazarar haihuwa tana rage wa ɗayansu ƙarfi, har imifiramin ya taru a jini fiye da yadda aka nufa, alhali hayaƙin taba, wanda maza suka fi zuƙa, ƙara wa wannan sinadarin gudu yake yi. Ƙoda ma ta namiji ta fi saurin tacewa. Duk wannan yana cikin littattafan da ɗan'uwan namu ke ɗauke da su a hammata, ban ƙirƙiro ko ɗaya ba.

A 2020 Zucker ɗin nan da Brian Prendergast suka tattara bayanai a kan magunguna 86, suka tarar 76 daga ciki sun fi taruwa ko daɗewa a jinin mata in an ba su awo ɗaya da maza, kuma mata sun kusa ninka maza wajen gamuwa da illar magani. Tun 2001 ma ofishin binciken majalisar Amurka ya ba da rahoto cewa cikin magunguna 10 da aka janye daga kasuwarsu tun daga 1997, guda 8 sun fi cutar da mata. Misalin da ya fi shahara shi ne na zolfidem, maganin barci. Sai da ya shekara ashirin a kasuwa kafin a 2013 hukumar Amurka ta raba awon mata biyu, daga miligiram 10 zuwa 5, domin an gano cewa awa takwas bayan sha, mata 15 cikin ɗari suna da sauran maganin da zai iya hana su tuƙi lafiya, maza kuwa 3 cikin ɗari. Shekara ashirin mata na tashi da safe kai ya yi nauyi, ana ce musu raki ne.

Mu dawo kan maganin damuwa kansa. A 2000 wata likita a Amurka, Susan Kornstein, da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 635 masu daɗaɗɗen ciwon damuwa, mata 400, maza 235. An ba wasu satiralin, wasu imifiramin, har mako 12. Cikin matan da suka sha satiralin 57 cikin ɗari suka sami sauƙi, waɗanda suka sha imifiramin kuwa 46. Maza sai abin ya juye: imifiramin 62, satiralin 45. Bugu da ƙari, matan da aka ba imifiramin sun fi yawan watsar da maganin a hanya, haka ma mazan da aka ba satiralin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, bambancin ya fi fitowa ga matan da ke ganin al'ada. Waɗanda al'adarsu ta ɗauke, magungunan biyu kusan daidai suka yi musu.

Na san abin da ɗan'uwanmu zai ce, domin haka bari in riga shi. Zai ce a 2002 Frederic Quitkin da jama'arsa sun duba bayanan marasa lafiya 1,746 ba su ga wani bambancin da zai sa likita ya sauya takardarsa ba. Gaskiya ne. Zai kuma ce a babban gwajin nan da aka yi da sitalofiram a kan mutum 2,876, tazarar ba ta da yawa: mata 29 cikin ɗari suka warke sarai, maza 24. Wannan ma gaskiya ne, kuma har yanzu babu ƙa'idar aikin likita da ta ce wannan ƙwaya ta mata ce waccan ta maza. Ban ɓoye ko ɗaya ba. Amma Malam, abin da ka faɗa a gaban jama'a ba "masana suna gardama a kan girman bambancin" ba ne. Cewa ka yi babu bambanci, ka sa aka yi dariya. Gardamar da ake yi a kan wace ƙwaya ta fi warkar da wa ce. Batun taruwar magani a jini da yawan illa ga mata, wannan an auna an gani. Kuma ƙwayar da ta fi kowace kyau a takarda ba ta warkar da wadda ta ajiye ta a rana ta biyar domin jiri ya hana ta tsayuwa.

Ban faɗi rana ta biyar don ƙawa ba. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan haihuwarta ta uku, an yi suna lafiya, ana cikin wankan jego sai ta daina magana. A kawo kunun kanwa ya huce a gabanta. Ta zauna ta ƙura wa jaririya ido hawaye na zuba, a tambaye ta me aka yi mata ta ce ba komai. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Da abin ya ƙi, mijinta ya kai ta wani asibiti. Layi ya yi tsawo, likita bai yi minti biyar da ita ba ya rubuta amitiriftilin, awon babban mutum. Bai tambayi ko tana shayarwa ba, ga goyo a bayanta. Bai ɗora ta a sikeli ba, ita kuwa 'yar firit ce, ko kilo 45 ba ta kai ba. Ta sha. Baki ya bushe ƙamas, in ta miƙe sai ƙasa ta juya, barci kuwa kamar an ɗaure ta, yarinya na tsala kuka da dare ba ta ji. Surukarta ta ce lalaci ne ya ƙaru a kan iskar. A rana ta biyar ta tura kwalin ƙarƙashin katifa. Ba wanda ya gaya mata cewa irin wannan magani illarsa ke fara zuwa, amfaninsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Gida aka yanke hukunci cewa ciwon ba na asibiti ba ne. Sai bayan wata huɗu, da na matsa, muka ga wani likitan da ya zauna ya yi tambayoyi, ya sauya mata zuwa satiralin, ya fara da kaɗan yana ƙarawa. Cikin wata biyu ta dawo tana tsokanata kamar da. Na sani mutum ɗaya ba hujja ba ce a kimiyya. Amma wata huɗun nan a gabana aka yi su, yarinyar kuma ta rasa dariyar uwarta a cikinsu.

Ban ɗora wa likitan farko laifin duka ba. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, wanda ke zaune a ɗakin duba marasa lafiya kuwa yana da mutum ɗari a ƙofa. Ya rubuta abin da ya san akwai a kantin magani kuma talaka zai iya saya. Sai dai a nan gizo ke saƙa: amitiriftilin ɗan gida ɗaya ne da imifiramin, watau dangin da matan Kornstein suka fi kasa jurewa. Shi ne mai araha, shi ne ke ko'ina, har masu kemis na miƙa shi ga duk wadda ta ce ba ta barci. Ga shi kuma in an sha shi da yawa yana taɓa zuciya har ya kashe, abin da ya kamata a tuna kafin a damƙa kwali guda ga mai tunanin gara mutuwa.

Maganar ciki da goyo kuwa, a wurinmu ita ce uwar maganar. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a rayuwarta. A lissafa wata tara na ciki da kusan shekara biyu na shayarwa sau shida, a ga shekarun da suka rage. Ciki yana ƙara yawan jini, yana sauya aikin hanta, har awon da ya isa a wata na biyu ya kasa a wata na takwas. A 2005 hukumar Amurka ta yi gargaɗi cewa faroksetin a farkon ciki yana iya ƙara haɗarin nakasar zuciyar jariri. Satiralin kuwa kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono. Mai cewa to mai ciki ta bar magani kawai, shi ma ya saurara: wani nazari na 2006 a kan mata 201 masu tarihin ciwon ya nuna cewa cikin waɗanda suka daina sha saboda ciki, 68 cikin ɗari ciwon ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba kuwa 26. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne da ba su taɓa tasowa ga namiji. A 2023 Amurka ta amince da zuranolon, ƙwayar farko da aka yi musamman domin damuwar bayan haihuwa, ta kwana 14, aka sa mata kuɗi dala 15,900. Wanda ya iya lissafi ya mayar da shi naira ya gaya wa mijin yayata.

Kada 'yan'uwana maza su ce wannan faɗan mata ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace. Ku ma rashin tambayar nan tana cin ku, ta wata hanya dabam. An rene ku a kan namiji ba ya kuka, saboda haka damuwarku takan fito da fuskar fushi, da faɗa a gida, da shaye-shaye. A 2013 Lisa Martin da abokan aikinta a Amurka suka sake lissafi suka sa irin waɗannan alamu a ciki, sai tazarar ta kusa ɓacewa: maza 30.6 cikin ɗari, mata 33.3. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce maza masu kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Binciken shan ƙwaya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami mutum miliyan 14.3, uku cikin huɗu maza. Ba na cewa duk mai shan taramol damuwa ce ke cinsa, amma wanda ya zauna a majalisar samari ya san akwai masu yi wa kansu magani da shi. In kuma namiji ya daure ya je asibiti aka ba shi dangin satiralin, sau da yawa maganin kan taɓa sha'awa da kusantar iyali. Ba zai koma ya faɗa ba, sai ya jefar da kwalin shiru. Matan ma hakan na samunsu, su kuwa ko tambayarsu ba a yi, kamar abin bai shafe su ba.

Akwai wasu kuma da nake jin tsoronsu fiye da ɗan'uwanmu mai farar riga, su ne waɗanda za su karanta wannan su gyaɗa kai su ce, ai dama mun faɗa, mata raunana ne. Su koma su sake duba lissafin: a gwajin sitalofiram mata ne suka fi warkewa. Hantar da ke farfasa wani magani a hankali ita ce ke farfasa wani da sauri fiye da ta namiji. Har ila yau bambancin da ke tsakanin mace da 'yar'uwarta mace yakan fi wanda ke tsakanin matsakaiciyar mace da matsakaicin namiji, shi ya sa sikeli da tambaya suka fi zato. Wadda kuma ke shan magani yanzu, kada ta ajiye shi saboda rubutuna, domin yanke shi farat ɗaya yana da tasa illar. Ta koma wurin likita ta faɗi abin da take ji, in tana da ciki ko goyo ko tana shan ƙwayar tazara ta faɗa ko ba a tambaye ta ba.

Abin da nake nema a wurin 'yan sashen likita ba mai tsada ba ne. In malamanku sun yi bincike a asibitocin koyarwa, ko a Dawanau, ko Barnawa, ko Kware, a rubuta sakamakon mata dabam na maza dabam, domin alƙaluman da na kawo duk a jikin mutanen wasu ƙasashe aka auna su. Mu ma 'yan sashen Hausa ba mu fita ba. Har yau ba mu tsayar da suna ɗaya ga ciwon ba: wannan ya ce damuwa, wancan ya ce baƙin ciki, wata ta ce zuciyarta ce ke tafasa, wata ta ce abu ne ke mata yawo a ka. Likitan da ya yi karatu da Ingilishi yana jin waɗannan ya rubuta maganin zazzaɓi. Tattara kalmomin da mata ke faɗin ciwon da su, da waɗanda maza ke faɗa, aikin kundin digiri ne sosai, ya fi a sake yi wa marubuci ɗaya nazari na goma sha biyar. Takardar cikin kwali kuma a fassara ta da Hausa, mu ga yadda mai fassara zai tsere wa zaɓi tsakanin ka da ki.

Ni dai na kai wa malamina wannan batu a matsayin taken kundina, ya ce in kawo tsari a rubuce kafin hutu. Shi kuwa ɗan'uwanmu da ya tura ni ga kacici-kacici, ga guda na ba shi: mace mai kilo 45 da goyo a baya, da namiji mai kilo 90 da taba a baki, an ba su ƙwaya iri ɗaya awo ɗaya da dare, wa zai ji kiran sallar asuba? Edita ya yi mini alkawarin zai ajiye masa shafi biyu a fitowa ta gaba.